Ajiye aiki da haƙƙin ma'aikaci a Nijar

Nijar ba ta da inshorar rashin aiki, wato kuɗin da ake biyan mutum wata-wata har ya sami wani aikin. Asusun CNSS, da aka kafa a 1965, abu uku yake ɗauka: tallafin iyali, haɗari ko cuta a bakin aiki, da fansho. Saboda haka ma'aikacin gidan mai a Gidan Rumji ko na wata ƙungiyar agaji a Agye, ko korarsa aka yi ko shi ya tafi, albashi ya tsaya ke nan.

Inda bambancin yake shi ne kuɗin sallama. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 da yarjejeniyar ma'aikata sun ba wanda aka sallama, bayan ya cika shekara guda kuma ba a kan babban laifi ba, wani kaso na albashinsa a kan kowace shekarar da ya yi. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba ya da wannan. Abin da yake bi shi ne sauran albashi, kuɗin hutun da bai ci ba, da takardar shaidar aiki. Dole kuma ya ba da sanarwa, galibi wata guda ga mai albashin wata; in ya fice haka kawai, shi ake bi bashi. Gudunmawarsa ta CNSS ba ta ɓacewa, tana jiran lissafin fansho.

Rashin kuɗin sallama ga mai murabus ne ya sa wasu iyayen gida ke matsa wa ma'aikaci ya rubuta takardar murabus da hannunsa. Sa hannu cikin fushi asara ce. Mai ƙorafi ya fara zuwa wurin sufeton ƙwadago a Maraɗi, wanda ke neman sulhu kafin a je kotu.

A Faransa ma, inda ake da inshorar rashin aiki, mai murabus ba ya samu sai da dalilin da doka ta amince da shi, kamar bin miji ko mata zuwa wani gari.

Duk wannan ya shafi mai kwantaragi ne, kuma su 'yan kaɗan ne a Gazawa da maƙwabtanta a jihar Maraɗi. Yawancin mutane gero, wake da aya suke nomawa. Wanda ya bar shagon ubangidansa, gonar gado yake komawa, ko ya tafi cin rani Katsina da Kano. Mata kuwa suna da asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jihar Maraɗi a 1991.