Gaiwa a Fadamun Kogin Mariga

Idan mutum ya cinye jarinsa, ya koma sayar da gona don ya ci, sai a ce ya yi irin ta gaiwa, mai cin jikinta. Tsofaffin masunta a ƙasar Birnin Gwari har rantsuwa suke yi cewa in rani ya tsananta, wutsiyarta take gutsura kaɗan-kaɗan har damina ta sauka. Suna da hujja kuwa. Akan tono ta a nannaɗe, wutsiya a kan fuska, wani lokaci ma da guntuwar wutsiya. Ni ma na taɓa ganin irinta a hannun wani mai noman rani.

To amma da wane bakin za ta ci? Idan ruwa ya janye, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ya bushe ya zama kube, ta bar 'yar kafa daidai bakinta tana shaƙar iska, domin huhu gare ta. Haka za ta kwanta wata da watanni. Guntuwar wutsiya kuwa galibi cizon 'yan uwanta ne tun suna cikin ruwa, kuma tana sake tohowa. Duk da haka ban yarda a ƙaryata tsofaffin nan ba. Tsokarta ce ke narkewa a hankali tana riƙe mata rai, shi ya sa take fitowa a rame. Jikin nata take ci, ta ciki.

An ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi. Da bazara dai ban ga na gulbin da ya kai gaiwa ba. Ƙananan kifayen Mariga sai sun sami gurbin da bai ƙafe ba, in kuma aka zuba gubar gamalin, sun ƙare.

Abin da ke damuna shi ne lakar kanta. Dajin Kamuku na wannan yanki, da aka keɓe tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, amma shekarun 'yan bindiga sun hana ma'aikatansa kewaya shi. Masu haƙar zinare na tone bakin rafuka, suna kama zinaren da zaiba, ita kuma zaiba cikin laka take kwantawa ta daɗe, daga nan ta shiga naman kifin da ake kaiwa kasuwa.