Tambayar da Ke Riga Lacca Isa Aji

Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya daɗe yana ganin laccarsa ba ta da na biyu. A farkon shekarun 1990 ya jarraba ɗalibansa da tambayoyin fahimta kan dokokin motsi na Newton, waɗanda David Hestenes da abokan aikinsa suka tsara. Sai ga ɗaliban da lissafi ba ya gagararsu suna ta tuntuɓe a tambayoyin da ba sa buƙatar lissafi ko kaɗan. Ashe hadda suke yi.

Daga nan ya sauya salo. Ɗalibi zai karanta darasi tun a ɗaki. A aji malam ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa da ƙaramar na'ura, ya juya ya yi muhawara da na kusa da shi, sannan a sake zaɓe. Sau da yawa wanda ya gane abu jiya-jiyan nan ya fi farfesa iya warware wa ɗan'uwansa, domin bai manta inda ya sha wuya ba.

Amma fa idan ba a yi karatun ba, muhawarar surutu ce kawai. Malaman zaure sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke matsa wa almajiri ya yi muɗala'a kafin ya zauna gabansu. A nan intanet ta yi rana. A ƙarshen shekarun 1990 Gregor Novak da abokan aikinsa a Indiyanafolis suka riƙa aika wa ɗalibai 'yan tambayoyi da za su amsa sa'o'i kaɗan kafin lacca. Malam ya duba amsoshin da safe, ya ga inda aka ruɗe, ya gina darasin ranar a kan wannan ruɗanin. Daga baya Mazur da abokansa suka fito da manhajar Perusall, inda ɗalibai ke yin sharhi tare a gefen littafi.

A ganina, karanta amsoshin nan shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma shi ne abin da malaman da ke ɗora bidiyon lacca a intanet su tafi barci suke tsallakewa.

Shin sa ɗalibai aiki a aji yana da amfani? Wani nazari na 2014, wanda Scott Freeman ya jagoranta, ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi. Faɗuwar ɗalibai a azuzuwan lacca zalla ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari, a inda ake sa ɗalibai aiki kuwa kusan kashi 22.

A ɗakin laccar da ɗaruruwa ke cunkushe, ga tsadar data, tambayoyi uku ta WhatsApp ko fam ɗin Google sun fi bidiyon sa'a guda sauƙin isa wayar ɗalibi. Malamin ma ba sai ya karanta duka amsoshin ba. Talatin ko arba'in sun isa su nuna masa kuskuren da ya fi yawa.