Katangar Tsaro da Adireshin da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Gabatarwa

Duk makaranta ko ma'aikatar da ta haɗa kwamfutocinta da intanet tana bukatar mai tsaron ƙofa. Wannan mai tsaro shi ne katangar tsaro, wadda ake kira fayawol. Aikinta ya yi kama da na Sarkin Ƙofa a ganuwar Kano ta da: kowane ayari ya iso sai an san inda ya fito da inda ya dosa kafin a buɗe masa. To, yaya za a yi idan baƙon da aka amince da shi kullum cikin sauya gida yake?

Yadda katangar ke gane baƙo

Saƙonni a intanet suna tafiya ne cikin ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin mai aikowa da na mai karɓa. Adireshin nan lamba ce mai kashi huɗu, alal misali 192.0.2.10. Akwai kuma lambar mashiga, kamar 443 wadda sakayayyun saƙonni ke bi. Jami'in da ke kula da kwamfutocin shi ke rubuta wa katangar dokoki: saƙo zuwa adireshi kaza ta mashiga kaza ya wuce, saura kuwa a tare.

Inda gizo ke saƙar

A da, babbar kwamfutar da ke ba da hidima takan shekara da shekaru da adireshi ɗaya. Yanzu kuwa ma'aikatu da yawa sun koma hayar ma'ajiya da manhajoji daga manyan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, abin da ake kira hidimar girgije. Waɗannan kamfanoni suna da cibiyoyi a nahiyoyi daban-daban, suna kuma ƙara kwamfutoci ko rage su gwargwadon bukata. Ga shi kuma adireshin ya yi ƙaranci. Tsohon tsarin IPv4 bai wuce adireshi kimanin biliyan 4.3 ba, kuma hukumar IANA ta rarraba na ƙarshe da ke hannunta a Fabrairun 2011. Saboda haka adireshin da wani ya saki yau, gobe an ba wani ɗan haya.

Illar tsohuwar doka iri biyu ce. Ta farko, hidimar ta koma sabon adireshi, katanga ta tare ta, wasiƙu su daina shiga. Wannan nan take ake ganewa, domin kowa zai koka. Ta biyu ta fi haɗari domin ba ta da amo: tsohon adireshi ya faɗa hannun wani, ƙila ma mugu, alhali ƙofa tana nan a buɗe dominsa.

Duniya ta ga yadda adireshin girgije ke cakuɗe a Afrilun 2018, lokacin da hukumar sadarwa ta Rasha ta yi yunƙurin toshe Telegram. Manhajar ta riƙa sauya adireshi a cikin na Amazon da Google, hukumar ta toshe miliyoyinsu, kamfanonin da ba su ji ba su gani ba suka shiga uku. A Yunin 2020 aka janye haramcin.

Magani

Kamfanonin da kansu suna wallafa jerin adireshinsu. Amazon ya fara a 2014, Microsoft kuwa a 2018 ya buɗe wata hanya ta musamman domin Office 365, inda yakan sabunta jerin a farkon wata, ya kuma sanar da sabon adireshi kwana 30 kafin ya soma aiki. Jami'i mai hangen nesa yakan rubuta 'yar ƙaramar manhaja da za ta riƙa duba jerin kullum, ta kwatanta shi da na jiya, ta ƙara sabo, ta goge tsoho, sannan ta ajiye rahoton abin da ta yi.

Sai dai a yi hattara. Cikakken jerin Amazon ya ƙunshi har da adireshin da ake ba kowane ɗan haya. Wanda ya buɗe wa jerin baki ɗaya ya buɗe wa duk mai kuɗin haya ke nan. Abin da ya dace shi ne a zaɓi sashen hidimar da ake bukata kaɗai, a kuma haɗa da kalmar sirri da sauran hanyoyin tantancewa.

Kammalawa

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Dokar katanga ba a rubuta ta sau ɗaya a manta. Ɗalibin da ke ziyartar ɗakin kwamfuta na makarantarsu yana iya tambayar mai kula da shi: yaushe rabon da a duba dokokin nan?