Yadda Ake Tuna Dattijon Kirki a Mahuta

Mahuta ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru a kudancin Jihar Kebbi, sauran kuwa su ne Zuru da Danko-Wasagu da Sakaba. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Koko ta nufi Dabai da Zuru, kuma a cikinsa da ƙauyukan kewaye akwai Fakkawa da Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Hausawa da Fulani, dukkansu suna ciniki da juna da harshen Hausa. Da yake noma ne sana'ar akasarin jama'a, kuma ba a saba buga tarihin mamaci a jarida ba, zaman makoki, wato kwanakin da dangi ke shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa, shi ne wurin da ake auna rayuwar magidanci bayan ya kwanta dama.

Al'ada ta hana a faɗi aibin mamaci, saboda haka kowa yana samun "Allah ya jiƙansa, halinsa nagari ya bi shi", amma masu zama sun san bambanci tsakanin yabon da ake yi wa kowa da wanda ke zuwa da hujja. Idan dattijon kirki ne ya rasu, mai ta'aziyya ba ya tashi sai ya faɗi shekarar da marigayin ya ba shi dawa lokacin da rumbunsa ya ƙare tun kafin kaka, ko ranar da ya raka shi gaban mai gari aka sasanta rikicin iyakar gona ba tare da an je kotu ba. Sau da yawa a wannan zaman ne 'ya'yansa ke fara jin rabin abin da mahaifinsu ya yi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne riƙon gida, kuma wannan ma'auni yana da tsohon tushe a ƙasar Zuru. A al'adar Dakarkari akwai golmo, wato noman da saurayi ke yi tare da tsararrakinsa a gonar mahaifin yarinyar da yake nema, wanda a da yakan kai damina bakwai kafin a ba shi aure, don haka tun kafin mutum ya ajiye iyali an riga an gwada haƙurinsa da juriyarsa a bainar jama'a. Shigowar Musulunci da Kiristanci da karatun boko ta rage ƙarfin golmo, amma tunanin da ke bayansa bai gushe ba. Har yanzu magidancin da ake yabo shi ne wanda ya haɗa marayun 'yan'uwansa da nasa 'ya'yan a kwano ɗaya, kuma a zuriyar da ake samun Musulmi da Kirista jikokin kaka ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a yankin, shi ne wanda ba ya rasa bikin sunan wannan ko jana'izar wancan.

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja. Daga cikinta Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya riƙe muƙamin Babban Hafsan Sojojin Ƙasa daga 1996 zuwa 1999, haka nan marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Manjo Janar mai ritaya da ya yi gwamnan soja a Bauchi daga 1984 zuwa 1985. Sai dai wanda ke tarbiyyar matasa a gari irin Mahuta ya fi zama tsohon saje ko tsohon malamin firamare da ya dawo gida da ɗan fanshonsa, yana cike wa yara takardun neman makaranta, yana tsawata wa wanda ya fara shaye-shaye, yana shiga tsakanin miji da mata kafin magana ta kai ga saki.

Hidimar jama'a a da aikin gayya ce, wato taruwar maƙwabta su yi wa mutum ɗaya ko gari aiki ba tare da lada ba, kamar nome gonar mara lafiya, ko gyaran hanyar da ruwa ya cinye, ko share maƙabarta. Matsalar 'yan bindiga ta sauya wannan hidima ta yadda ta koma ta sayar da rai, domin magidanta da dama sun shiga ƙungiyar 'yan sa-kai, wato masu tsaron gari da ba gwamnati ce ta ɗauke su aiki ba. A watan Maris na 2022 an kashe fiye da 60 daga cikinsu a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba, kuma irin waɗannan mutane ba su da fansho ko haƙƙin da doka ta tanadar wa iyalin ma'aikaci.

Rauni mafi girma a wannan hanya ta tunawa shi ne ba ta daɗewa, domin da zarar an yi addu'ar arba'in, a gidajen da ke yin ta, labarin yakan koma hannun tsofaffi kaɗan, kuma da wuya a ambaci matar da ta riƙa tuƙa tuwon baƙin da ake yabon mijinta da ciyarwa. Ya kamata ƙungiyoyin ci gaban gari da malaman makarantun Fakai su fara rubuta tarihin waɗannan dattawa da na matansu tun suna raye.