Taƙaddamar Masana Kan Marubucin "Labarin Yaƙin Igor"

Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da manazarcin tsohon adabi kan ci karo da su akwai ta tantance wanda ya rubuta aiki da zamanin da aka yi shi. Kyakkyawan misali shi ne "Labarin Yaƙin Igor", wani tsohon rubutu mai zubin waƙa na mutanen Rus, kakannin Rashawa da 'yan Yukren da Belarus. Labarin ya bayyana yaƙin da Yarima Igor ya kai wa makiyayan Polobtsi a shekarar 1185, inda aka fatattaki rundunarsa, aka kama shi, daga baya ya tsere.

Tushen Taƙaddama

Wani basarake mai tara tsofaffin littattafai, Musin-Pushkin, shi ya samo kwafin aikin guda ɗaya tilo a ƙarshen ƙarni na 18. An buga shi a 1800, sannan kwafin ya ƙone a gobarar Mosko ta 1812, lokacin mamayar Napoliyon. Ke nan babu takarda ko tawadar da za a bincika, kuma marubucin bai ambaci sunansa ba.

Masu Ganin Jabu Ne

A 1940 masanin Faransa André Mazon ya ce an ƙirƙiri aikin ne a ƙarni na 18, ta hanyar kwaikwayon "Zadonshchina", labarin yaƙin Kulikobo na 1380, domin ayyukan biyu sun yi tarayya a jimloli da dama. A shekarun 1960 Aleksandr Zimin ya jingina shi ga wani malamin coci, Ioil Bykovsky. Shi kuwa Edward Keenan na Amurka, a 2003, masanin harshe Josef Dobrovsky ya ɗora wa alhakin.

Masu Ganin Sahihi Ne

Roman Jakobson da Dmitri Likhachev sun tsaya a kan cewa aikin na ƙarni na 12 ne, kuma "Zadonshchina" ce ta ɗebo daga gare shi. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2004 daga Andrei Zaliznyak. Ya kwatanta nahawun labarin da na tsofaffin wasiƙun da aka rubuta a kan ɓawon itace, waɗanda aka fara tonowa a Nobgorod a 1951. Ya nuna cewa jerin wasu ƙananan kalmomi a cikin jimla ya bi ƙa'idojin tsohon harshe waɗanda masana ba su gano ba sai bayan 1800. Don haka da wuya mai jabu na ƙarni na 18 ya dace da su.

Kammalawa

A yau galibin masana sun amince da sahihancin aikin, sai dai har yanzu ba a san marubucinsa ba. Abin lura ga ɗalibi shi ne, idan takarda ta salwanta, harshen da ke cikin aiki shi ne babban mai shaida. Haka lamarin yake ga tsohuwar waƙar ajami wadda ba ta ɗauke da sunan mawallafi ko ramzi.