Juyen Baƙin Mai A Motar Gudu: Lissafin Turai Da Lissafin Zango

Duk wanda ya leƙa zangunanmu a 'yan shekarun nan, daga Nima ta Akra zuwa Birketeri ta Yawunde, zai ga motocin da ake ajiyewa a ƙofar gida sun canza. Da can Peugeot 504 ce ko Corolla. Yanzu kuwa ɗan kasuwa in Allah ya buɗa masa, ko ɗansa ya matsa masa, sai ka ga ya sauko da Mercedes mai tambarin AMG, ko BMW, ko Golf GTI daga tashar Kwatano, Lome, Tema ko Duwala. Motoci ne masu daɗin tuƙi, ka ɗan taɓa totur sai ta zabura kamar doki. Amma gardama ɗaya ba ta ƙarewa a kansu: bayan kilomita nawa ake juye baƙin mai? Bakanike ya ce dubu uku, yaron gida ya buɗe waya ya ce kamfani ya ce dubu goma sha biyar ko fiye, shi kuwa mai mota yana tsakiya da kuɗinsa a hannu.

Yaron bai yi ƙarya ba. A Turai, kwamfutar wasu motocin BMW tana iya barin mai ya kai kilomita 30,000 ko shekara biyu. A Amurka, Mercedes na cewa mil 10,000 ko shekara guda. Sai dai ko su kansu ba su tsaya a wuri ɗaya ba, domin daga motocin 2014 kamfanin BMW ya rage wa'adinsa na Amurka daga mil 15,000 zuwa mil 10,000. Kuma in ka buɗe littafin yawancin motoci ka bi shi a hankali, za ka tarar da wani sashe da ke maganar wahalallen aiki: ƙura, tsananin zafi, gajerun tafiye-tafiye, da daɗewa inji na aiki mota na tsaye. Littafin ya ce in haka motarka ke rayuwa, a gaggauta juye. To, wannan sashen da ake tsallakewa, ai mu aka rubuta wa shi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, inji bai san kilomita ba, awa ya sani. Mu ɗan yi lissafi irin na kasuwa. Bature da ke bin babban titi, a ce matsakaicin gudunsa kilomita 60 a awa, kafin ya cinye kilomita 15,000 injinsa ya yi aikin awa 250. Kai kuma da ke fama da gosulo a Duwala ko Akra, a ce kilomita 20 kake ci a awa. A cikin awa 250 ɗin nan, kilomita 5,000 kacal ka yi. Mai ɗaya, wahala ɗaya, amma agogon gaban mota ya nuna maka kashi ɗaya cikin uku. Ban ma sa lokacin da ake barin mota a kunne da na'urar sanyi ba, ana jiran Hajiya ta fito daga kasuwa ko ana ciniki ta waya a bakin shago. Wannan duk aiki ne a kan mai, kuma ko mita ɗaya ba ta hau agogo ba.

Sai zafi. Motar gudu an ƙera ta ne a matse ƙarfi mai yawa daga inji, kuma akasarin na yanzu suna da turbo, wato 'yar fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa don ta cusa wa inji iska. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, kuma baƙin man nan ne ke shafa ta, shi ne ke sanyaya ta. Masana mai suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana ninka saurin tsufansa. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Injamena, Marwa ko Yamai, inda rana ke wuce digiri 40. Shi ya sa in ka taso daga doguwar tafiya da gudu, kada ka kashe mota nan take. Ba ta minti ɗaya ko biyu, domin man da ya tsaya cikin turbo mai zafi yana iya ƙonewa ya daskare ya toshe hanyarsa.

Ƙurar hunturu kowa ya san ta, ba sai na tsaya ba. Abu ɗaya zan ce: filtar iska in ta cika a canza ta. Busa ta da iskar mai faci da ƙarfi na iya yaga takardar, ƙurar ta wuce ciki ta gauraya da mai ta zama kamar yashin wanke tukunya.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido, wato shi kansa fetur da gas ɗin da muke sha. Tun 2009 Tarayyar Turai ta kayyade sinadarin salfa a man mota kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa gas ɗin da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka yana ɗauke da salfa ninkin na Turai sau ɗaruruwa. An samu gyara daga baya: Gana ta koma kashi 50 cikin miliyan a 2017, ƙungiyar ECOWAS ma ta amince da wannan ma'auni a 2020. Amma mu matafiya mun san ba kullum ake samun gidan mai ba, wani lokaci sai na kwalba ko jarka a bakin hanya. Salfa in ta ƙone ta haɗu da danshi, tsami take zama, kuma maganin da aka zuba cikin baƙin mai don kashe tsamin nan ƙarewa yake yi.

To nawa ke nan? Ga ra'ayina, kuma a kan lissafin da ke sama na gina shi. Motar gudu da ke zaune cikin gari, ko da an zuba mata man sintetik na gaske, a juye tsakanin kilomita 5,000 da 6,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Wadda aikinta doguwar hanya ce, kamar Akra zuwa Tamale ko Duwala zuwa Garwa, tana iya kai 7,500 zuwa 8,000 lafiya lau, don tafiyar da inji ya ɗumama ya daidaita ita ce mafi sauƙi a kan mai. Dubu ukun bakanike kuwa, gadon zamanin man da ne. Ba zai cutar da inji ba, aljihu zai cutar, tunda irin waɗannan motoci suna shan kimanin lita 5 zuwa 9 a juye ɗaya, wasu ma fiye.

Maganar wata shidan nan ta fi shafar mu fatake. Da yawanmu mota na gida a lulluɓe, maigida na wata ƙasa, ba ta ganin titi sai da Sallah ko biki. Wasu kuma sun bar wa iyali, aikinta kai yara makaranta da Islamiyya, tafiyar minti biyar. A irin wannan tafiya mai ba ya yin zafin da zai kori danshi da ɗan fetur ɗin da ke zurarewa cikinsa, sai ya tsinke. Don haka uwargida, ko babban ɗa da aka bar wa makulli, kada ku ce ai ba ta je ko'ina ba. Ku duba kwanan wata. Motar da ba ta motsa ba sam ma, kada man ya wuce shekara a cikinta.

A kula da wani tarko. Motar da ta fito daga Amurka agogonta mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In bakanike ya ƙara 5,000 a kan lambar da ya gani ya rubuta maka a takarda, ka yi kilomita 8,000 ke nan ba ka sani ba.

Duk wannan lissafi ya rushe in man da aka zuba ba nata ba ne. A garejinmu akwai son mai mai kauri, 20W-50, wai shi ne ke jure zafin ƙasarmu. A tsohuwar 504 ko tsohuwar bas, babu laifi. Amma injin zamani hanyoyin mansa sirara ne, kuma da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗe bawul. Kaurin ya yi yawa, da safe man ba ya isa sama da wuri. Ka duba littafi ko murfin wurin zuba mai, za ka ga 5W-30, 5W-40 ko 0W-40. Bayan wannan, ka juya bayan galan ka nemi lambar amincewar kamfani: MB 229.5 ga yawancin Mercedes masu fetur, Longlife-01 ga BMW, 502 00 ga Volkswagen da Audi, A40 ga Porsche. Shi kuwa Longlife-04, BMW da kansa bai yarda a zuba shi a injin fetur a wajen Turai ba, saboda bambancin ingancin fetur. Wannan fa, ko masu shagon mai ba duka suka sani ba.

Jabu kuma ya cika kasuwa, mu 'yan kasuwa ba sai an faɗa mana ba. Tsohon galan ake tarawa a ɗura masa wani abu a liƙe. Ka sayi mai da kanka a babban gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka tsaya a fasa murfin a gabanka, a canza filtar mai tare da shi kowane juye, in an gama ka huda galan ɗin. Kada kuma ka yarda da gwajin yatsa, wai mai ya yi baƙi ko bai yi ba. Mai nagari yana yin baƙi da wuri don yana kwashe datti, na injin gas ma cikin 'yan kwanaki yake rinewa.

Tsakanin juye da juye a riƙa duba ma'auni, ko da sau biyu a wata, don injin gudu yana ɗan cin mai ko lafiyarsa ƙalau. Wasu BMW ba su da sandar awo sam, sai ta allon gaban direba ake gani. In jar fitila mai kama da buta ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe mota a nan, kada ka ce bari na ƙarasa gida.

Wanda kuma ya fito da mota daga tasha yau, kada ya yi aiki da takardar da ya gani liƙe a gilashi, ko da allon motar ya ce saura kilomita dubbai. Ta yi makonni a jirgin ruwa, wataƙila ta yi watanni a filin gwanjo, kuma lambar allon ana iya mayar da ita baya da 'yan maɓallai ba tare da an taɓa mai ba. A juye kafin a kama hanyar gida, a rubuta kwanan wata da lambar agogo da sunan man a ɗan littafi, a ajiye shi tare da takardun motar.