Abin da ya kamata ku sani game da Louis Armstrong, mabushin New Orleans

Da yawanmu mun san muryar, ba mu san mai ita ba. Muryar nan ce mai kaushi kamar ta wanda mura ta shaƙe, wadda ake yawan sakawa a fina-finai da tallace-tallace tana rera "What a Wonderful World". Mai ita Louis Armstrong ne, kuma sa'ad da ya yi waƙar a 1967 shekarunsa 66. Shi dai mabushi ne tun asali, kuma busa ce ta ɗaukaka shi shekara arba'in kafin wannan waƙa.

Abin busar tasa sunansa turampet. Ɗan'uwan kakakin fada ne, sai dai an naɗe bututunsa ya gajarce, an kuma sa masa maɓallai uku da ake dannawa da yatsu. Kakaki amo kaɗan yake bayarwa, shi ya sa aikinsa kirari. Turampet kuwa duk karin da murya za ta rera, yana iya busa shi. Sautin daga leɓe yake tasowa: mabushi ya matse leɓɓansa a bakin ƙarfen, ya tura iska, su yi ta karkarwa. Ku riƙe wannan magana ta leɓe, za mu komo kanta.

An haife shi ranar 4 ga Agusta 1901 a New Orleans, birnin da ke kusa da inda kogin Misisipi ya faɗa teku a kudancin Amurka. Shi kansa har ya mutu yana cewa 4 ga Yuli 1900 aka haife shi, sai bayan rasuwarsa aka gano takardar coci mai ɗauke da ainihin ranar. Uban ya tafi ya bar su, kakarsa ta riƙe shi, daga baya ya koma hannun uwarsa a wata unguwar talakawa baƙaƙen fata. Yana yaro ya yi wa wasu Yahudawa, iyalin Karnofsky, aikin bin amalanken gwangwan, yana busa ɗan ƙahon kwano don kiran masu sayarwa. A daren shiga shekarar 1913 ya harba bindiga sama don murna, aka kama shi aka kai shi gidan horon kangararrun yara. Wani hanin ga Allah baiwa ne: a can wani malami, Peter Davis, ya koya masa busa konet, ƙanen turampet, har ya zama jagoran badujalar yaran gidan.

Kiɗan da ya tashi a cikinsa shi ake kira jaz. To, mene ne jaz na gargajiya? Kiɗa ne da baƙaƙen New Orleans suka haɗa daga badujalar fareti, waƙoƙin coci da waƙoƙin kukan zuci da ake kira buluz. Da shi ake raka gawa maƙabarta da kari mai sanyi, a dawo da mai zafi ana rawa a titi. Mabusa uku ne a gaba. Mai turampet shi ke jan waƙa, mai kilarinet, wata doguwar sarewa baƙa, yana yi mata ado daga sama, mai turombon yana cike giɓi daga ƙasa da murya mai kauri. A bayansu ga ganga, fiyano da banjo, dangin gurmi, suna riƙe da kari. Kowa yana ƙirƙirar nasa nan take, a lokaci guda, ba tare da wani ya taka wani ba. Mai turampet ne yawanci ubangidan ƙungiya, tunda shi aka fi ji daga nesa.

Ubangidan Armstrong a wannan sana'a shi ne Joe Oliver, wanda ake wa laƙabi da Sarki. Bayan yaron ya yi busa a jiragen ruwan Misisipi, inda ya koyi karanta rubutun kiɗa, Oliver ya kira shi Chicago a 1922, suka yi faifansu na farko a 1923. Mai fiyanon ƙungiyar, Lil Hardin, wadda ya aura a 1924, ita ta matsa masa ya fita daga inuwar maigidansa.

Daga Nuwamba 1925 ya fara yin faya-fayai da sunansa, da ƙungiyar mutum biyar da ake kira Hot Five. A nan ne ya sauya jaz. Da can kiɗan taro ne, duk ana busa tare. Armstrong sai ya riƙa fitowa shi kaɗai, sauran suna riƙe masa kari, ya ɗauki waƙar da kowa ya sani ya warware ta, ya sake saƙa ta yadda ya ga dama, yana jinkirta wani amo, yana gaggauta wani, har mai sauraro ya ji ƙafarsa na motsi. Bayansa kusan duk mabushin jaz wannan hanya ya bi. A 1926 kuma ya shahara da rera kari da baki ba kalmomi, yana kwaikwayon abin busa da muryarsa.

Busa irin tasa, mai hawa can sama, leɓe take ci. A shekarun 1930 leɓensa ya sha tsagewa har da jini, ya taɓa ajiye turampet na watanni, kuma da kansa yakan sa reza ya kankare kantar da ta taru. Duk da haka akwai shekarun da yakan yi wasa dare ɗari uku. A 1947, da manyan ƙungiyoyin makaɗa suka daina kawo riba, ya koma ƙaramar ƙungiya irin ta New Orleans mai suna All Stars, wadda ta haɗa baƙi da fari. Da jiharsu ta Louisiana ta hana irin wannan haɗuwa a dandali a 1956, ya ƙaurace wa garinsu, bai sake wasa a can ba sai 1965.

Wasu matasan makaɗa baƙaƙe sun zarge shi da yawan washe baki don faranta wa farare rai. Ni dai ina ganin sun yi masa gaggawa. A Satumba 1957, da gwamnan Arkansas ya sa dakaru suka tare ɗalibai baƙaƙe tara a ƙofar wata makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya kira Shugaban Amurka Eisenhower mai fuska biyu, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. A zamanin, irin wannan magana kan iya raba baƙar fata da abincinsa.

Ya yi zagayen wasa biyu da suka kawo shi Afirka ta Yamma. A Mayu 1956 ya sauka Accra, kafin Gana ta sami 'yanci, ya gana da Kwame Nkrumah, ya yi busa tare da E.T. Mensah, sarkin kiɗan hailaif. A 1960 ya dawo, ya shigo Najeriya, akwai ma hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. A wannan zagaye ne mawaƙiyar ƙungiyarsa, Velma Middleton, ta rasu a Saliyo a farkon 1961.

A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa "Hello, Dolly!" ta ture ƙungiyar mawaƙa ta Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Ya rasu ranar 6 ga Yuli 1971 a ɗan madaidaicin gidansa da ke unguwar Corona a New York, inda ya zauna tun 1943. Gidan yanzu wurin tarihi ne, filin jirgin saman New Orleans kuma sunansa yake amsawa tun 2001.

Wanda yake son jin mabushin da kunnensa, ya nemi "West End Blues" na 1928, ya kasa kunne ga busar da ya buɗe faifan da ita shi kaɗai, kafin sauran makaɗan su shigo.